Mai Sakin Ƙwallo

Shekara biyu ina sayen ja.
In zaɓi wanda ya fi kowa kwalliya,
in gatsa, in ji kamar na tauna audugar katifa.
Har na ce ashe 'ya'yan itacen ƙasar nan
ado kawai suka iya.

Sai wata Asabar, a hanyar da ta fita daga Fresno,
rumfar kwano, sikeli mai tsatsa,
da tsohuwa Araksi a bayan kwanduna.
Ta ga hannuna ya nufi mafi ja
ta ɗan buge shi, irin bugun Inna
in na kai wa ƙosai hannu tun yana cikin mai.

Ta ce, jan nan ba nuna ba ne, rana ce ta mare shi.
Juya shi. Dubi inda ya rabu da reshe.
In da sauran kore, an yaye shi da wuri,
ko wata zai yi a ɗakinka ba zai yafe ba.
In ya yi ruwan ƙwai, kai shi hanci.
Wanda bai yi maka sallama da ƙamshi ba
bar shi, ba shi da labari.
Kuma kar ka matse shi kamar mai bin bashi.
Babban yatsa, a kafaɗa, a hankali,
yadda ake taɓa goshin yaro
a ji ko zazzaɓi ya sauka.

Fic suke ce masa. Na nemi danginsa a gida na rasa.
Ba mangwaro ba ne, ko da yake ruwansa
haka yake bin hannu har gwiwa.
Akwai mai farin ciki, ba wasa nake ba,
cikinsa fari ne, zaƙi zalla, babu gardama.
Akwai rawaya, mai ɗan tsami a ƙarshe
kamar gaskiyar aboki.
Akwai wani a baje, sai ka ce waina aka danne.
Akwai wanda aka yi wa ƙwal-kwabo, naktarin,
don masu gudun gashi a leɓe.

Ƙaraminsu kuwa na san shi a bushe,
Kawu Ɗanjuma ya taɓa kawo shi tsaraba daga Makka
ya ce mishmish.
Ban san yana da ƙuruciya ba sai ranar.
Ta miƙo min ɗaya, ɗan mummuna, mai tabo.
Wannan irin, in ji ta, daga ciki yake fara nuna,
kafaɗa kore, zuciya zuma.
Manyan can na kanti masu sheƙi
don doguwar mota aka raine su, ba don baki ba.
Kwanakinsa kaɗan ne a Yuni.
Ka yi nawa, sai baɗi.

Ɗanye kar ya ga firiji.
Jakar takarda, kwana biyu, da haƙuri.

Sannan ta zaro wuƙa ta zagaye ɗaya,
ta murɗa, ya buɗe gida biyu,
ƙwallon ya faɗo tafinta tsaf, ko zare babu.
Ta yanka wani, ya ƙi.
Tsoka ta manne wa ƙwallo, sai an yaga.
Iri biyu ke nan, ta ce, mai saki da mai riƙo.
Wanne za ka?

Rumasa'u ta riga ni amsa, da Turancin da ba irin nawa ba.
Mai saki, Baba, ya fi sauƙin ci a mota.
Akwatunanta na makaranta
tun makon jiya suke bakin ƙofa.

Na biya kuɗin kwando biyu.
Nawa na ci a tsaye, jikin mota,
na sunkuya don kar ya ɓata min riga,
ya ɓata.
Na tsotsi ƙwallon har ya yi fari,
zarensa a haƙorina har Magariba.